Kason Strahinja

Yayana Obrad direban bas ne tun yana saurayi har idonsa ya fara ba shi matsala. Hanyarsa ɗaya ce, daga garinmu zuwa Stuttgart, a ƙasar Jamusawa. Ya kai masu neman aiki, ya dawo da su lokacin biki ko jana'iza ko zaɓe. Rabin unguwarmu shi ya fitar da su, har da ɗansa tilo, Strahinja. Obrad mutum ne mara magana, ko gaishe shi ka yi sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ni kuwa Milunka, ƙanwarsa, Allah ya ba ni bakina ya haɗa mini da nasa.

Gidan su Dragutin su ne kum ɗinmu tun kakanni, wato su suke riƙe 'ya'yanmu ranar baftisma su raɗa musu suna. Ba a musu da kum, ba a ɗaga masa murya. Dragutin ya raɗa wa Strahinja suna tun yana malamin makaranta mai kwat ɗaya. Daga baya ya zama ɗan majalisa, kuma bas ɗin yayana ce ta sha kwaso masa ƙuri'un mutanenmu na waje.

Bara ƙasashen waje suka saka wa Dragutin takunkumi, shi da masana'antar katako ta surukinsa. Aka sallami ma'aikata. Dragutin ya miƙe a majalisa yana dukan tebur, ya ce 'yan ƙasar da ke zaune a waje su suka kai tsegumi, maciya amana ne, a ƙwace musu ƙuri'a. A satin aka nuna taron mutanenmu na Stuttgart a talabijin, sai ga Strahinja da lasifika a hannu yana cewa a ƙara matsa lamba. Mata suka daina gaishe ni a kanti. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba.

Ana haka slavarmu ta zo, wato bikin da muke yi duk shekara ranar Waliyi Nikola, waliyin gidanmu. Lokacin azumi ne, sai kifi da wake da kabeji muka dafa. Ba a gayyatar kowa slava, wanda ya saba zuwa shi yake zuwa. Ina naɗe kabeji ina addu'ar kada kum ya zo.

Da tsakar rana ya zo. Ya sumbaci Obrad a kumatu, ya ci alkamar da aka dafa don mamata, ya zauna a kan tebur inda kum yake zama. Falon ya cika, amma ko cokali ba ka jin motsinsa.

"Kum Obrad," in ji Dragutin, "kujerar yaron fa ba kowa. Ko yana can yana wanke wa Jamusawa kwano ne?"

Wasu suka yi dariyar dole. Na buɗe baki, Obrad ya harare ni, na rufe.

"Aiki ya riƙe shi, kum."

"Ai na ga aikin a talabijin." Ya ture kofinsa gefe. "Ba rigima ta kawo ni ba. Mutanen nan da ke zaune, da yawansu ba su da albashi yanzu. Kalma ɗaya nake so su ji daga bakinka kafin mu taɓa burodi. Ka ce yaron nan ba na gidan nan ba ne. Shi ke nan, mu ci kifinmu."

Obrad yana tsaye da gorar giya a hannu. Wallahi na ɗauka zai faɗa, don ban taɓa jin ya ce wa Dragutin a'a ba.

"Mu fara juya burodin, kum," ya ce. "Kyandir yana ƙonewa."

Dragutin ya ɗauka amincewa ce. Ya miƙe, suka riƙe burodin slava su biyu, suka juya shi yadda al'ada ta tanada, Obrad ya zuba wa burodin ruwan inabi, suka karya, suka sumbata. Sai yayana ya ɗauki wuƙa ya yanke kashi ɗaya cikin huɗu, ya ce in ba shi farin tawul.

Tsofaffin da ke wurin sun gane tun kafin ya yi magana. Da wannan kason uba yake miƙa wa ɗansa slava, ɗan ya fara kunna nasa kyandir a nasa gidan, da sunan zuriyarsu. Sau ɗaya ake yi a rayuwa.

"Wannan na Strahinja ne," in ji Obrad. "Zai bi bas ɗin Juma'a. Na gode, kum, da hannunka aka juya shi."

Dragutin ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Ya ɗauki hularsa ya fita. Mutane suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan saniya, wannan ciwon baya. Har waɗanda yayana ya sha kai wa 'ya'yansu kaya kyauta. Na bi su da ido har ƙofa, kuma har yau ina riƙe da sunayensu a raina.

Aka bar mu da tsofaffi biyu da kifin da zai ishi gari. Ina kwashe kwanuka ina kuka, na ce, "Yaya, ashe kana bayan yaron."

Ya girgiza kai.

"Ba shi da gaskiya, Milunka. Takunkumin nan mu yake ci, ba Dragutin ba. In ya zo sai na gaya masa a fuskarsa." Ya gyara bakin tawul ɗin a hankali. "Nemo mini kwali mai ƙarfi. Kada ya farfashe a hanya."