Ragon Kwamfuta

Ranar da na karanta a waya cewa an ƙera sabon firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai saurin gaske, kasa zama na yi. A ƙauyenmu, kusa da Ɗambatta, in mutum na son sayen babban abu, rago yake ɗaurewa ya yi kiwo. Ni ma na ɗaure nawa.

Kullum da la'asar ni da abokina, malamin firamare, muna bakin turke muna musu. Shi ya ce sai bayan girbi za a sa firosesan a kwamfutocin kasuwa, ni kuwa na rantse kafin shuka zai iso Kano. Aka yi shuka, aka yi girbi, shiru. Rago ya ci harawa har ya fara tunkuyin mutane. Ni ko a jikina, tsohon yayi dai ba zan saya ba.

Sai matata ta haihu. Ranar suna Inna, mahaifiyata, ta nuna turke ta ce, "Ga kwamfutarka nan, a yanka."

Naman ya yi daɗi. Washegari na ɗaure wani, don wallahi baɗi zai fito.