Motar Kalandar Ladan Tela

Wata Alhamis cikin azumin shekarar da gwamnati ta mayar da tuƙin mota hannun dama, Baba ya tasa mu gaba, ni da yayana Nomau, zuwa shagon Ladan tela a kasuwar Gwandu don a auna mu ɗinkin Sallah. Ina aji uku a lokacin, kusa da ƙarshen zurfin ilimina ke nan, domin a aji huɗu ni da boko muka rabu ba tare da ɗayanmu ya yi kuka ba. Ladan yana ɗora mini igiyar awo a kafaɗa yana cewa tsinken tsire aka kawo masa, sai na lura Nomau ya ƙame a gaban bango. Kalanda ce rataye a ƙusa, ƙudaje sun yi mata ɗige-ɗige, a jikinta hoton wata jar mota. Mu da muka saba da motocin katako masu ɗaukar gyaɗa da auduga, ba mu taɓa ganin irinta ba. Ta lafe a ƙasa kamar damo a kan dutse, hancinta dogo, kujera biyu kacal. Ladan ya ce ƙirar mutanen Japan ce, kuma wanda ya ba shi kalandar ya rantse masa idan ta bar Gwandu da kiran salla za ta isa Sakkwato kafin a tayar da iƙama. Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Wagga ko akuya guda ba ta ɗauka, mi amfaninta?" Nomau ya ƙara matsawa kusa da bangon. Mai hoton ta gaba da gefe ɗaya ya ɗauke ta, bayanta ba ya ciki.

Kaka ce, lokacin motar kara. Da an gama girbin dawa an kwantar da karan, duk yaron da ya ɗebo ruwa ya ba jaki dusa ya kai tumaki bakin fadama, sauran yininsa nasa ne. Mukan zauna gindin rumbu mu feƙe kara mu fitar da totuwa, mu soke ta da tsinken ɓawonsa, mu goga sakaina a dutse har ta zama taya, mu sa dogon sille a matsayin sitiyari, sannan mu cika unguwa da ƙugin inji daga bakinmu. Ni motocina, a gaskiya, sun fi kama da akurki, kuma ba wadda ta taɓa kaiwa la'asar da taya huɗu. Nomau kuwa wani abu ne daban. Shekara uku ya ba ni, ba a sa shi boko ba saboda gona, amma motarsa ƙofa takan buɗe, sitiyari yakan juya tayoyin gaba, har ƙaya yake zaɓa, ta aduwa don gindi, ta bagaruwa don ƙananan wurare. Inna takan ce, "Hannun yaron nan ya fi bakinsa magana."

Tun daga ranar, Nomau ya ɗauki aikin jar motar. Kullum bayan azahar yakan je shagon Ladan ya tsaya, ya auna hoton da tsinke, ya dawo ya yanka totuwa daidai. Ya gane cewa hancin ya kai rabin motar, ya ce lallai injin ne ke kwance a ciki. Ya jiƙa ɓawon kara ya lanƙwasa shi a hankali don ya samu wannan gangarowar ta rufi, ya liƙe da ƙaro. Ya roƙi dukawa ruwan karan dafi ya rina ta ja. Fitilu ya yi su da takardar kwalin taba mai ƙyalli, ƙarƙashinta ya ɗaura robar tayar keke, ta yadda idan ka danna ta da yatsa sai ta nutsa ta taso. Ni ne mai riƙe ƙaya, muƙamin da har yau ban samu wanda ya fi shi ba. Kafin ƙaramar Sallah an gama komai tun daga hanci har bayan kujera. Daga nan sai ramin banza, tsinkaye a tsaye suna jira.

A haka Maigoro direba ya gan ta. Abokin Baba ne, mai jan motar katako tsakanin Gwandu da Sakkwato, yakan zo gaisuwa. Ya tsuguna ya juya sitiyarin, ya danna ta ya ga ta taso, ya daɗe bai miƙe ba. Sai ya ce wa Baba ƙanensa yana da gareji a Sakkwato, yana neman yaro guda mai kai. Bayan babbar Sallah zai wuce, in Nomau ya gama motar ya riƙo ta a hannu su tafi, ita ce takardar shaidarsa. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, rumbunmu ko rabi bai kai ba, don haka Baba bai ja magana ba. Ya ce Allah ya sa alheri. Kowa a gidan ya san abin da ya rage: bayan mota, aikin yini biyu.

Nomau ya ƙi. Ya ce bai ga bayanta ba, kuma mutanen da suka zauna suka yi wa gabanta wannan lissafi ba za su bar bayan haka kawai ba. Na ba shi shawara irin ta masu ilimi, na ce ya sa mata bodin katako kamar ta Maigoro, wa zai sani? Ya ce, "Ban yi ma masu ita ƙarya." Na ce da babu gara ba daɗi. Ya ce in riƙe ƙayata in yi shiru. Ganin haka na ɗauki nauyin binciken a kaina. Na je shagon Ladan, na faki idonsa, na ɗaga kalandar na leƙa bayanta, domin a hankalina duk abin da ke da gaba, bayansa yana baya. Farar takarda na tarar da gizo-gizo guda. Ladan ya yi dariya har allura ta soke shi, kuma har ya rasu yana kirana Mai Leƙe. Muka tambayi hedimasta, ya ce ba ya cikin manhaja. Ranakun kasuwa muka riƙa zama bakin hanya ko Allah zai kawo irinta, ba abin da ya wuce sai jakuna da motocin katako. Daga ƙarshe Ladan ya ce mu yi haƙuri, sabuwar shekara ta kusa, mai kalanda zai aiko da wata, ƙila su juyo da ita.

Sabuwar kalanda ta zo ana saura kwanaki babbar Sallah. Hoton wani manomi ne yana dariya, ya rungume buhun takin zamani. Tsohuwar kuwa Ladan ya riga ya yanka ta ya fitar da samfurin wuyan riga. Nomau ya dubi manomin na ɗan lokaci, ya gaishe da Ladan, muka dawo gida. Har ranar da Maigoro ya tsaya a ƙofar gida yana danna ham, Inna tana roƙon Nomau ya liƙa ko mene ne, Baba yana cewa taurin kai ba sana'a ba ne, shi kuwa Nomau yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Maigoro ya ce shi ba ya kai wa ƙanensa yaron da ba ya ƙarasa aiki. Ya ɗauki ɗan maƙwabtanmu suka tafi. Ban ga Nomau ya yi hawaye ba, ya ci tuwonsa ya sha ruwa. Motar ya saƙale ta ƙarƙashin jinkar rumbu, ba wanda ya taɓa tura ta ko taku ɗaya, kafin tsakiyar damina gara ta gama da ita. Bai sake yin wata ba.

Yanzu gadi nake yi a Kalgo, a wani gida da malaman jami'a ke haya. Kwanakin baya ina ba ɗayansu wannan labari don ya ga mu ma mun yi injiniyanci, sai ya ciro waya ya yi ta shafawa, ya miƙo mini. Ita ce, ko tantama babu. Ya ce kaɗan aka ƙera, da hannu aka haɗa injinta, kuma kwanciyar nan da ta yi don iska ta bi ta kanta ne, masu ƙera motocin gudu har yau suna koyi da ita. Ya ce attajiran duniya suna rububinta, wanda ya samu sai ya kulle ta a ɗaki mai sanyi, a riƙa goge ta da ƙyalle, ba a hawa. Na ce ashe mu muka riga su, mu a rumbu muka ajiye tamu. Sai ya sa yatsa ya juya ta. Rufin ya gangaro ya tsaya cak kamar an datse da wuƙa, fitilu zagayayyu biyu-biyu, salansa biyu a tsakiya. Da gaske aikin yini biyu ne. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba, na mayar masa da wayarsa na buɗe masa ƙofa ya fita.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Dalijan, inda Nomau ya koma noma tun bayan rasuwar Baba. Idanunsa sun tafi tun shekarun baya, ba ya gani. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa da lalube, hannun nan bai canza ba, ko ƙwaya ɗaya ba ya fasawa. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, na ga bayan motar." Na zayyana masa komai, fitila da salansa, har ina zanawa a tafin hannunsa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wace mota?" Na ce ta Ladan tela. Ya ce Allah ya jiƙan Ladan, mutum ne mai kyan ɗinki, ya turo mini ƙwaryar gyaɗar. Na sa hannu muka ci gaba.

A kan hanyar dawowa na ga kara a tsibe a gonaki, an ɗaure don sayarwa masu dabbobi, ba yaro ko ɗaya a gindinsa. Yaran yanzu kowace mota suke so suna juya ta da yatsa su ga gaba su ga baya, ba sa jiran sabuwar shekara, ba sa kuma feƙe totuwa. Ban ce sun yi laifi ba. Amsar dai ta iso, mai tambayar ne ya daɗe da tashi.