Ina Indararonsa?

Ranar wata Laraba ce cikin bazarar 1985, ina 'yar shekara goma, Kakana Malam Sule magini ya ɗora ni a bayan akori-kura, tsakanin kwandunan tumatir, muka bar ƙauyenmu na kusa da Bunkure muka nufi Kano. Ba ciniki ya kai shi ba. Ya gaji ne da jin labarin dogayen benayen da aka gina a tsakiyar gari lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, ya ce gani ya kori ji. Ni kuwa "uwargida" yake kirana, irin wasan kaka da jika, ya ce ba ya tafiya ya bar ni.

Muka tsaya gindin benen da ya fi tsawo, na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Kankare ne da rodi da gilashi, taga a kan taga, ko'ina a miƙe kamar an ja da zare. Kaka ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne, sannan ya yi wa maigadi sallama ya ce, "Ɗan'uwa, ina indararonsa? Ta ina ruwan sama yake sauka?" Maigadi ya ƙyalƙyale, direbanmu har da riƙe ciki.

Kwana biyu ba a yi ba direban nan ya baza labari. A majalisa shi ake yi, a bakin kanal inda muke wanki shi ake yi, a filin makaranta ma da na zauna yin carafke sai a ce ga jikar Indararo ta zo. Na fasa wa wata Ladidi leɓe a kan haka, aka sa ni tsallen kwaɗo, kuma ko yau ne zan sake. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu dariyar nan duk a ɗakunan da Kaka ya gina aka yanke musu cibi. Mu muke ɗebo masa ruwa yana cuɗa ƙasa da ciyawa da ƙafa, mu jera tubali a rana, mu jiƙa makuba don yaɓe. Yakan ce tun siminti bai shigo ba Kano take da benayenta na ƙasa, masu zanko da azara, mahaifinsa ma da shi aka gina wasu. Yakan kuma ce, "Gini ba ya tsoron mutum, ruwa yake tsoro."

A ƙofar gidanmu akwai soron da ya gina mai hawa ɗaya, shi kaɗai ne bene a ƙauyen. Da rani ya zagayo alkama ta yi kyau, Babana ya sa aka sauke bulo da kwano, ya ce a rushe soron, ya gaji da a riƙa nuna gidansa da baki. Kaka bai yi musu da ɗansa ba, abinci kawai ya rage ci. Safiyar da leburori suka zo da diga, na naɗe tabarmata na haye sama na zauna.

"Hajara, sauko tun muna mu biyu," in ji Baba.

"Baba, ka yi haƙuri, sai dai a rushe da ni."

Inna ta lallaba, ta yi barazana, ta turo ɗumame na mayar. Tun hantsi har la'asar ina nan, ga yunwa, ga tsoron Baba. Kaka yana gindin darbejiya, da aka ce ya sa baki sai ya ce, "Uwargida ta ƙi, ni wane ne?" Daga ƙarshe Baba ya sallami leburori. Na sha dukan da sai da na kwana biyu ban zauna daidai ba, amma washegari Kaka ya cinye tuwonsa tas.

Soron ya ƙara shekara huɗu, iyakar abin da ya rage wa Kaka a duniya. Bayan arba'in ɗinsa leburori suka dawo, suka kwana uku suna sara, sai da diga biyu suka karye.

Yau a hawa na takwas nake aiki cikin ɗaya daga benayen nan, na kuma gano bututun ruwan a cikin bango aka binne shi. Tambayar Kaka tana da amsa, masu dariyar ne ba su san ta ba. In wuta ta ɗauke muna gumi, sanyin soron nan nake tunawa da ƙamshin makuba bayan ruwan fari. A gurbinsa yanzu shagon bulo ne, ɗan yayana yana sayar da kayan masarufi. Ban taɓa sayen ko ashana a ciki ba.