Ɗari Biyun da Alhaji Ya Bari

A shekarar casa'in da takwas ina haya a wani gida a Suleja, kullum ina bin motar safe zuwa Abuja. Aikina buga takardu ne a ofis, ba wani abu ba. Amma tunda aka ji a unguwa ina taɓa kwamfuta, sai aka naɗa ni injiniya. Na yi musu har na gaji na ƙyale su.

Mai gidanmu dattijo ne ɗan asalin gari, mai sayar da kayan gini. Ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, don 'yarsa ta buɗe shagon buga takardu idan ta gama makaranta. Alhaji bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ranar ciniki mai sayarwa ya kunna ta, ya ɗora yatsa a kan wata lamba da ke fitowa a allo kafin komai ya buɗe, ya ce wannan ne gudun ƙwaƙwalwarta, ɗari biyu. Alhaji ya riƙe lambar nan kamar yadda yake riƙe awon rodi.

Da zai koma aikin hajji sai ya rarraba kayansa amana, yadda aka saba. Mota ta tafi wurin ƙaninsa, kwamfuta ta zo ɗakina. Na lulluɓe ta da zanen gado, na tura ta ƙarƙashin tebur, ko jona ta da wuta ban yi ba. A ganina iyakar riƙon amana ke nan.

Bayan ya dawo, 'yan barka sun ragu, ya shigo ya ce in kunna mu gani. Ta yi 'yar ƙararta, allo ya kawo. Ɗari da talatin da uku.

"Ɗari biyu na bari," in ji Alhaji.

Na kashe na sake kunnawa. Har gilashin na goge da hannun riga, kamar ƙura ce ta cinye sauran. Lamba tana nan inda take.

"Duba a hankali, ɗana. Ba gaggawa," ya ce, ya fita.

Da ma zagina ya yi. Kowa a garin ya san labarin masu gyaran da ke zare ƙwaƙwalwa mai kyau su maƙala tsohuwa, kuma ni ne injiniyan unguwa. Tsoro ya kama ni, ba na rasa ɗaki ba, na a ce an ba ni amana na ci. Na duba kusoshin akwatin, ban ga alamar an kwance ba. Na fara zargin wani abokina da ya zo daga Sabon Wuse ya yini a ɗakin, mutumin da ko rediyo bai iya kama tasha ba. Har na shiga tunanin ko gudun kwamfuta yana sacewa ne idan ta daɗe a ajiye, kamar iskar taya.

Washegari na tare mai gyaran kwamfutocin ofishinmu, wani ɗan kudu. Ya yi dariya. "Oga, na small battery die." Ya ce akwai ƙaramin batir a ciki mai faɗin kwabo, shi ke riƙe mata abin da aka saita, in ya mutu sai ta manta ta koma gudun ƙasa. Ya ba ni sabo. Ya ce in ta fara tashi in danna maɓallin gogewa in shiga bayos, wato ɗakin saitinta, in nemi inda aka rubuta sittin da shida sau biyu, in mai da shi sau uku, shi ne kwamfuta ke cikewa ta nuna ɗari biyu. "No touch another thing o," in ji shi, wato kada in taɓa wani abu daban.

Da la'asar na kira Alhaji, ya zauna a bakin gado. Na canja batir, na danna maɓallin, allo ya koma shuɗi, cike da Turancin da ban taɓa gani a ofis ba. Kwanan watan da ke ciki ma na wata shekara ce da ta daɗe da wucewa. Na yi ta shiga ina fita kamar baƙo a kasuwa. Da na samu wurin, sai hannuna ya kuskure na taɓa sittin da shidan maimakon biyun. Na adana, allo ya yi baƙi ƙirin, ya ƙi dawowa. Gumi ya jiƙa mini riga. Alhaji dai carbinsa yake ja. Na cire batir, na jira, na mayar, ta farfaɗo, na sake daga farko.

Wannan karon ɗari biyu ta fito. Daɗi ya kama ni. Na juya ina murmushi.

Alhaji bai yi murmushi ba. Ya matso ya ƙura wa allon ido.

"Za ka iya mai da ita yadda take ɗazu?"

"Zan iya, Baba."

"Sama da ɗari biyu fa?"

"Akwai a ciki, sai dai tana iya ƙonewa."

"To, ashe ba awo ba ne. Abin da aka gaya mata take faɗa." Ya juyo gare ni. "Yanzu ta yaya zan san ƙwaƙwalwar da na bari ce a ciki?"

Na sake duban allon. Ko da mun cire fankar da ke kanta mun karanta abin da ke jikin ƙwaƙwalwar, ba wanda ya leƙa wurin ranar saye. Ni kaina a lokacin ban san ko ɗari biyun nan gaskiya ce ba, ko shi ma mai sayarwar da yatsa ya rubuta ta.

Alhaji ya sa aka ɗauki kwamfutar zuwa cikin gida, ya yi mini godiya, ya sa mini albarka. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, bai dube ni ba.

"Ni ban ce ka ɗauki komai ba, ɗana. Ɗazu ina da abin da zan duba in wanke ka. Yanzu ka nuna mini babu."