Jakar Mai Kemis

Duk wanda ya taɓa kai saniya kasuwar shanu ta Potiskum a shekarun baya ya san Malam Bubayaro, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai takalmin roba, wanda yake buɗe bakin saniya ya duba, ya ɗaga kofato, ya ce wannan a ware ta gefe. Malamin dabbobi ne. A wata ruga ta wajen Nangere aka haife shi, kuma har ya tsufa Fillanci bai saki harshensa ba. Da ya yi ritaya sai ya zauna a gidansa na Yerimaram, shi da matarsa Hansatu, 'ya'ya duk sun kama gabansu.

Abokinsa guda ne na ƙut da ƙut, wato Zacchaeus, mutumin Filato, wanda ya zo garin tun yana saurayi ya buɗe kantin magani a hanyar kasuwa. Kowa Mai Kemis yake ce masa. Wani bijimi ne ya haɗa su. Ya taka Bubayaro a ƙafa, aka kawo shi kantin yana ɗingishi, Zacchaeus ya wanke ciwon yana dariya, yana tambaya yaya aka yi majinyaci ya hukunta likitansa. Tun daga ranar yake kiransa likitan shanu, kuma bencin ƙofar kantin ya zama wurin zaman Bubayaro.

A bayan gari akwai wani fili inda wasu tsofaffin ma'aikata suke buga golf ranar Asabar da yamma. Ba irin filin da ake gani a talabijin ba ne. Ciyawa sai da damina, kuma kewayen kowane rami yashi ne aka kwaɓa da baƙin mai aka daɓe. Ofishinsu rumfar kwano ce da benci da randa. Amma kulob suke kiran kansu, kuma suna da ƙa'idar da ba sa wasa da ita. Mutum ba ya neman shiga da bakinsa. Ɗan kulob ne zai kawo shi, ya riƙa bin su a ƙafa yana kallo, ba ya taɓa ƙwallo, har shekara ta zagayo. Sannan wanda ya kawo shi ya zaro sanda ɗaya daga jakarsa, ya miƙa masa da hannunsa a gaban sauran. Ba aike, ba wakili. Daga ranar sandar ta zama tasa, shi kuma ya zama nasu.

Zacchaeus ɗan kulob ne, kuma shi ya kawo Bubayaro. Da farko Bubayaro dariya abin yake ba shi, a ce manyan mutane da furfura suna bin abu kamar ƙwan zabuwa cikin rana. Amma zaman gida ya ishe shi, sai ya bi. Har yau in ka tambaye shi zai ce wasan bai taɓa burge shi ba. Tafiyar ce ta kama shi: fili a buɗe, mutum da sanda a hannu, Mai Kemis a gefensa na hagu yana zuba surutu, yana tsokanar duk wanda ya yi bugun banza. Rabonsa da irin wannan tafiya tun yana bin shanun mahaifinsa. Zacchaeus har ya nuna masa sandar da zai ba shi, wata tsohuwa da aka naɗe mariƙinta da robar taya.

Saura kaɗan shekarar ta cika sai garin ya rikice. Aka kai hari kasuwar shanu, Bubayaro ya yini a maƙabarta yana binne mutanen da ya yi shekaru yana ciniki da gardama da su. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, shingayen sojoji suka cika hanya. Mutum ya koyi sauka daga keke ya ɗaga hannu sama ya wuce a ƙafa. In faranti ya faɗi a tsakar gida, sai kowa ya yi tsit. Motocin kaya suka fara fita da gadaje da katifu, gidajen Kiristoci suna zama kango ɗaya bayan ɗaya. Zacchaeus ya ce shi ba inda za shi, nan ne garinsu. Amma da aka harbe Gregory mai sayar da taya, wanda shagonsa yake manne da kantin, Celina matar Zacchaeus ta ce ita dai ba za ta ƙara kwana ba.

Da safe Zacchaeus ya zo Yerimaram a keke, ya sauke jakar sandunan a zauren Bubayaro.

"Ajiye mini, likitan shanu. In abin ya yi sauƙi zan dawo in ba ka sandarka. Kada ka kuskura ka kora awaki da ita."

Jakar ta zauna a bayan ƙofar ɗaki. Hansatu ba ta so zamanta ba, don lokacin ana bi gida gida ana bincike, ga doguwar jaka cike da ƙarafa. Ranar da sojoji suka shigo kuwa sai da suka zazzage ta a tsakar gida, suka sa tsohon ya tsuguna yana bayani da Turancinsa na asibitin dabbobi, ita kuma tana rakuɓe a gefe. Bayan sun tafi ta roƙe shi ya kai jakar gidan wani. Ya ce amana ce. Ya tattara sandunan ya goge su ɗaya bayan ɗaya ya mayar.

Kulob ɗin ma ya rame. Waɗanda suka rage ba su cika benci ɗaya ba, kuma da la'asar sakaliya suke tashi don kada dokar hana fita ta rutsa da su. Shugabansu Alhaji Muhammadu Lawan, tsohon magatakardan kotu, ya tako har gida ya ce wa Bubayaro ya zo ranar Asabar, shi zai miƙa masa tasa sandar a wuce wurin. Bubayaro ya yi godiya, ya ce ƙa'ida ta ce wanda ya kawo ka. Alhaji ya ce ƙa'idar su suka kafa ta, su ne kuma za su sassauta ta, ai halin da ake ciki ya wuce wannan. Bubayaro ya sunkuyar da kai. Abin da ya kasa faɗa shi ne, ranar da ya karɓi sanda a hannun wani, ranar ya yarda Mai Kemis ba zai dawo ba.

Haka ya ci gaba da bin su duk Asabar, hannu a goye a baya, ba ya taɓa ƙwallo. Kaumi, wani tsohon ma'aikacin ruwa mai baki, ya sa masa suna ɗan takara, yana cewa ko kujerar gwamna ba a daɗe ana nema haka ba.

Lokacin da aka katse layukan waya, Bubayaro yakan shiga mota ya bi hanyar Azare har inda waya take kamawa, ya tsaya a bakin titi cikin ɗimbin mutane kowa da waya a kunne. Zacchaeus yakan ce yana nan tafe bayan damina. Damina ta wuce ya ce bayan Kirsimeti. Daga baya ya daina sa lokaci, sai ya tambayi lafiyar Hansatu, ya tambayi wa ya rasu. Kullum kuwa da wanda za a faɗa masa.

Wata Laraba, bayan an dawo da layukan waya, Zacchaeus ya kira da kansa. Ya ce gobe zai shigo, ya sami mai sayen gidan, zai damƙa makulli ya juya a ranar. Ya ce a kawo masa jakar tasha. Bubayaro ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon bayan ƙofa. Hansatu ta kawo abinci ta ɗauke shi yadda ta kawo.

A wancan lokacin ba mai son daɗewa a tasha. A bakin ƙofa 'yan sintiri suka kara wa jakar na'urarsu ta yi ta kuka, sai da aka sake zazzage ta a ƙasa. Da Bubayaro ya shiga ya hango Zacchaeus a jikin wata motar Jos. Ya rame, kansa ya yi fari fat, yana magana yana waiwaye. A gefensa ga Alhaji Muhammadu Lawan da Kaumi a tsaye. Ashe su ma ya kira su. Nan Bubayaro ya gane abin da aka shirya.

Suka gaisa, suka tambayi iyali. Zacchaeus ya karɓi jakar ya jingina ta da mota, ya laluba ya zaro sandar nan mai robar taya, ya miƙo. Bubayaro ya mayar da hannayensa baya.

"Ba a nan ake yi ba, Mai Kemis. Ka bari sai ka zo wata Asabar, a fili."

"Likitan shanu, ba wata Asabar. Celina ba ta barci in na ambaci garin nan. Ni ma ba na yi. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ɗan kamasho yana buga bayan mota yana cewa saura mutum ɗaya. Alhaji ya kawar da kai yana kallon masu sayar da rake. Bubayaro ya dubi sandar, ya dubi furfurar abokinsa, ya ga in ya ƙi, mutumin nan zai tafi da nauyin alkawari ne kawai, ba dawowa zai yi ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

Alhaji ya ce kulob ya shaida. Kaumi ya tafa sau ɗaya, mutanen kusa suka zabura suka juyo, sai ya sauke hannunsa da sauri. Zacchaeus ya cusa jakar a ƙarƙashin kujera ya shiga. Ta taga ya ce masa ya riƙa sunkuyar da kai in zai buga, kada ya tsaya ƙiƙam kamar mai duba haƙoran raƙumi. Motar ta fita.

Ranar Asabar Bubayaro ya je fili. An haƙa ramin tsaro ya ratsa gefe guda, wani kuma ya shuka wake a ɗaya gefen, abin da ya rage na wasa kaɗan ne. Kaumi ya ara masa ƙwallo. Ya ajiye, ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai, ya buga. Ƙwallon ya gangara 'yar tazara ya shige cikin waken. Ya juya hagu yana jiran tsokana, ba kowa a wajen. Alhaji ya ce ba laifi, na farko ne.

Bubayaro ya saɓa sandar a wuya, ya rataya hannayensa a kanta yadda makiyaya suke yi, ya shiga gonar a hankali yana neman ƙwallon.