Tulun Gilashin Inna Ige

A Mai Wurno, zangon Hausawa can gabas a hanyar aikin hajji, aka haifi Inna Ige, nan ta tsufa tana tsintar auduga a gonakin Jazira. Uwarta ta rasu tun tana goye, babu wanda ya riƙe sunan garinsu. Abin da ta bar mata ɗan tulun gilashi ne shuɗi mai zanen ganye, wanda kowa ya ce daga ƙasar Sakkwato aka zo da shi.

Shi ya sa duk ayarin maniyyatan da ya sauka daga yamma, sai ta kai musu kunu, ta kwance tulun daga tsumma.

"Bayin Allah, wane gari ake yin wanga? Dangin uwata na can."

Su kuwa, don kunyar kunun da suka sha, sai su ce kamar sun taɓa ganin irinsa wajen Gwadabawa.

Shekarar da aka gama madatsar ruwan Damazin, wani Banufe mai narka gilashi, Ndagi, ya sauka. Ya ɗaga tulun a rana, ya bi gefensa da farce.

"Inna, kin ji layin nan? Inji ne ya haɗa shi, aikin Turai ne. Na ga tsofaffin irinsa a kasuwar Kosti."

"Ke nan ba daga gida ya zo ba, ɗana?"

"A hanya aka saya. Ki yi haƙuri."

Ta karɓi tulun, ta mayar da shi cikin tsumma.

"To, yanzu mi zan nuna wa mutane?"

Ndagi ya sunkuyar da kai. Da lokacin kaka ya zo Inna Ige ta rasu, ba ta san garin ba.