Baiwar da Usman ya ba ɗan Adam

Shekara biyar ke nan da rasuwar ɗana Usman. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, tun kafin yaƙi ya watsa mu daga Omdurman. Gyaran waya yake yi a Kasuwar Libiya da ke cikin Omdurman, amma zuciyarsa tana kan wani wasa da shi da abokansa suka ƙirƙira, wanda ake yi a waya ta intanet. Kowa zai zaɓi jinsin da zai zama: aljani, ko basamude, ko ɗan Adam. Sai a haɗa ayari a fita yaƙar dodanni.

Aljani yana ɓacewa, basamude yana ɗaga dutse. Ɗan Adam kuwa ba shi da komai, don haka ba mai zaɓarsa. Wannan ya dami Usman ƙwarai. Wata rana ina tuya ya tsuguna kusa da ni, ya kira ni da sunan da yaranmu ke kiran uwa, ya ce, "Yumma, me mutum yake da shi wanda aljani ba shi da shi?" Na yi dariya na ce ya tambayi malaman masallaci. Ya nace. Sai na ba shi labarin kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, yadda ba wanda ya kai bakin kogin Nilu shi kaɗai. Daga nan ya ba ɗan Adam baiwarsa: duk mutumin da ya ƙaru a ayari, ƙarfin sauran mutanen sai ya ƙaru.

Da ya rasu, ƙanwarsa Sa'adiyya ta riƙe wasan. Da aka watse, wasu suka nufi Gadarif, wasu Masar, wasu Kano, wasan ya zama wurin da yaran unguwa suke haɗuwa. Kuma kusan dukansu suka koma zaɓar ɗan Adam. Na fahimci dalili, kowa yana son ya ji yana da amfani ga ɗan'uwansa. Sai dai ayarin mutane zalla ya zama ba abin da ke iya tsaya masa. Dodanni na faɗuwa tun ba a yi gumi ba, wasa ya rasa daɗi, yara suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Abokan Usman suka roƙi Sa'adiyya ta rage wa ɗan Adam ƙarfi. Ta ƙi. Ta ce wannan ne abu na ƙarshe da yayanta ya tsara, hannunta ba zai taɓa shi ba ko da kowa zai tafi.

Na daɗe ban sa baki ba, don ni ma haka nake ji. Amma na yi ta tambayar kaina me Usman zai ce da ya ga wannan hali. Usman da na haifa bai taɓa barin wasan nan ya yi sati yadda yake ba. Yau ya ƙara wa samudawa, gobe abokansa su yi masa ca, ya rage yana ce musu ragwaye. Na ce mata, "Ɗiyata, shi abin da ya so a yi ta haɗuwa. In ɗakin ya zama kango, wa kike ajiye wa?"

Ta yi kuka, sannan ta zauna ta yi aikinta. Yanzu ɗan Adam ba ya ƙara wa ɗan Adam ƙarfi sai in akwai aljani ko basamude a ayarin. Wannan dabararta ce, ba tasa ba, ba kuma tawa ba.

Bana muka koma Omdurman. Shagonsa yana hannun wani, hotunansa da yawa sun salwanta. Abin da ya rage mana shi ne wannan hali nasa na son kowa ya sami wuri. Yaran sun dawo, har sun fara ƙorafi cewa aljanu sun yi ƙarfi da yawa. Sa'adiyya ta ce musu ragwaye, ta kuma ce za ta duba.

Allah ya jiƙan Usman, ya sa ya huta.